Jagora ga Mai Niyyar Sayen Tsohuwar Bas Alhali Bai San Kanikanci Ba

A lokacin kaka, bayan gero ya shiga rumbu, an cire gyaɗa, an roro wake, kuɗi kuma ya ɗan zauna a aljihun manomi, akwai wata mas'ala da takan taso a majalisun Dambatta da Makoda da Kunchi da Bichi, galibi daga bakin samarin da suka gaji da biyan kuɗin lodi, ko kuwa 'yan kasuwar da ke cin kasuwannin ƙauye ɗaya bayan ɗaya suna kwana inda dare ya riske su: shin hankali zai yarda mutum ya sayi tsohuwar bas, ta zama abin hawansa, da ɗakin kwanansa, da ma'ajin hajarsa, alhali bai taɓa riƙe sifana da hannunsa ba? Tambaya ce mai nauyi, domin a wannan yanki namu, inda gonaki suke a matse har ba a barin saura, kuma kowane taƙi da mai shi, kuɗin da za a sayi mota da shi ba daga sama yake faɗowa ba. Ko dai sa ne da aka yi shekara ana kiwatawa, ko amfanin damina biyu, ko kuwa wani yanki na gado.

Asalin wannan al'ada ta mayar da mota gida daga ƙasashen Turawa ta fito. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera ƙaramar bas ɗinsa, wadda aka fi sani da Kombi, a 1950, kuma tun daga 1951 wani kamfani mai suna Westfalia ya shiga sanya mata makwanci da teburi da akwatunan ajiya domin masu yawon buɗe ido, har abin ya zama sha'awa wadda ake gada. An ci gaba da ƙera tsohon samfurinta a Brazil har ƙarshen 2013. A ƙasarmu kuwa, inda kamfanin Volkswagen ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Legas a 1975, Kombi ba ta zama motar shaƙatawa ba, motar neman abinci ta zama, ta yi ta jigilar fasinja har ƙarfinta ya ƙare. Mu ma a nan arewa muna da masu kwana a mota, amma lalura ce ta sa su: mai kai tumatur da albasa daga bakin madatsar Tomas ko ta Watari zuwa 'Yankaba, da mai sayo hatsi a ƙauyuka yana kaiwa Dawanau, da mai tallan magani da lasifika, da ayarin masu wa'azi. Saboda haka duk abin da zan faɗa ya shafi Kombi da 'yan'uwanta baki ɗaya, wato J5 ta Peugeot, da C20 ta Nissan, da tsohuwar Hiace ta Toyota.

Amsata ga waccan tambaya ita ce: tsohuwar bas tana dacewa da wanda bai iya gyara ba, bisa sharaɗin cewa ya ƙudurta a ransa zai koya, ba ta dacewa ko kaɗan da wanda yake nufin ya dawwama cikin rashin sani. Dillalai sukan ce tsohuwar mota ba ta da wahala, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai sun faɗi rabin magana suka haɗiye rabi. Gaskiya ne injinta ba shi da kwamfuta, ba ya bukatar na'urar bincike, kuma bakanike mai sifana da sukudireba zai iya tayar da shi a gindin bishiya. Amma sauƙin gyara daban, ƙarancin lalacewa daban, kuma motar da ta haura shekara talatin tana da na farko, ba ta da na biyu. Misalinta misalin dabbar turke ne, wadda ba ta zuwa kiwo da kanta: kullum sai an duba ta, an ba ta ruwa, an lura da tafiyarta da numfashinta, kuma ranar da aka yi sakaci, ranar take fara ramewa.

Kombi ita ce mafi kyawun hujja a kan wannan. Injinta a baya yake, ba shi da lagireto, iska ce take sanyaya shi ta hanyar fanka, kuma fambel guda ɗaya ne yake juya fankar tare da abin cajin batir. Ma'ana, idan jar wutar caji ta kama a gaban direba yana cikin tafiya, wajibi ne ya tsaya nan take, domin mai yiwuwa fambel ne ya tsinke, kuma 'yan mintoci kaɗan sun isa injin ya ƙone. Wanda bai sani ba zai ce bari in ƙarasa gari tukuna, sai ya ƙarasa da igiya ana jansa. Tsohon injinta mai cc 1600 yana cin baƙin mai lita biyu da rabi kacal, ba shi da matatar mai irin ta motocin yau sai 'yar raga, don haka ake canza man duk bayan kilomita 5,000, a kuma daidaita tazarar bawul a kan milimita 0.15 injin yana sanyi, da tazarar kwantak a kan milimita 0.4. Ayyuka ne ƙanana waɗanda yaron gareji ke koya a cikin makonni, amma barinsu yana kashe injin, balle a zafin bazara na watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40. Tana kuma da wata illa sananniya, wato tsufan robar da ke kai fetur, wadda idan ta tsage takan zubar da mai a kan injin mai zafi, gobara ta tashi. Abin yabo gare ta shi ne nauyin injin yana kan tayoyin baya masu turawa, shi ya sa take iya yashi fiye da yadda ake zato.

To amma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba game da motar take ba, game da garinku take: wa zai gyara ta, kuma ina kayan gyaran? Tsofaffin kanikawan da suka ƙware a injin mai iska sun ragu ainun, da yawa sun rasu, waɗansu sun tsufa sun bar sana'ar, almajiransu kuwa sun koma ga motocin Japan, tun da nan abinci yake. Idan wani ƙarfe ya karye maka a hanyar Kunchi ranar kasuwa, kuma aka ce sai an je Ƙofar Ruwa a cikin Kano, a can ma sai an aika Legas, to ka yi asarar mako guda, hajarka kuma in mai ruɓewa ce ta tafi. A nan ne J5 ta yi wa Kombi fintinkau a ƙasar Hausa. An ƙera ta tun daga 1981 zuwa farkon shekarun 1990, Turawa ma sun gina gidajen tafiya masu yawa a kanta, kuma injinta na fetur dangin injin Peugeot 504 ne, motar da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, wadda kusan babu garejin da bai san cikinta ba. Cikinta da faɗi, tana ɗaukar kaya, sai dai tayoyin gaba ne suke jan ta, don haka idan aka danna mata lodi a baya takan yi ta tonon yashi ba ta gaba. C20 da Hiace kuwa sun fi ƙanƙanta, injinsu yana ƙarƙashin kujerar gaba, kayansu suna samuwa, masu gyaransu kuma suna ko'ina. Shawarata ga sabon shiga ita ce kafin ya je kallon kowace mota, ya zagaya garejojin da ke kusa da gidansa ya ga wace iri ce ta fi yawa a ƙarƙashin bishiyoyinsu, ya tambayi maigidan garejin: "Malam, idan na kawo maka irin wannan, kayanta a nan za mu samu ko sai birni?" Abin da ya amsa shi ne rabin hukuncin.

Idan an zo ranar dubawa, ga yadda ya kamata a yi. Ka tafi da bakaniken da kai ka zaɓa, ka biya shi ladan yininsa daga aljihunka, kada ka yarda da wanda dillali ya kawo, domin dillali la'adarsa yake nema kuma ba ta fita sai ciniki ya faɗa. Ku je da sassafe ba tare da an san sa'ar zuwanku ba, kuma abu na farko shi ne ka ɗora tafin hannunka a kan injin: in ka ji shi da ɗumi, an riga an tayar da shi domin a ɓoye wahalar tashinsa, sai ku ce za ku dawo gobe. Injin mai lafiya yana tashi da sanyinsa ba tare da an yi ta roƙonsa ba. Ka sa wani ya tayar, kai kuwa ka tsaya a baya kana kallon salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta cewa injin yana shan baƙin mai, ringi sun cinye, obahol na nan tafe. Baƙin hayaƙi yana nuna fetur ya yi yawa, galibi daga kafireto, kuma wannan mai sauƙi ne. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa bayan injin ya yi zafi, a motar da ke da lagireto, yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba, wato gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka leƙa bayansa. In ka ga wani abu fari-fari mai yauƙi ya manne, ruwa ya haɗu da mai. Ka zaro sandar awon mai ka murza ɗigonsa tsakanin yatsu biyu, domin waɗansu sukan zuba mai mai kauri ƙwarai don ya danne ƙarar injin da ya kusa bugawa. In Kombi ce, bayan an kashe injin, bakanike ya kama faifan ƙasa da fambel ke zagayawa a kansa ya ja ya tura. Idan yana motsi gaba da baya har ana jin ƙwas, wannan injin ya gama aikinsa.

Duk da haka, injin ba shi ne babban abin tsoro ba, tun da ana sauke shi a ɗora wani. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne bodi da shasi. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cin ƙarfe a nan kamar yadda take ci a bakin teku, amma mafi yawan waɗannan motoci ba a nan suka yi ƙuruciyarsu ba: 'yan Beljiyom sun sha gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, waɗanda suka yi aiki a Legas kuwa sun sha laimar teku. Saboda haka ka shimfiɗa buhu ka kwanta a ƙarƙashinta da tocila, kada ka ji kunyar rigarka, ka riƙa danna ƙarfen da bakin sukudireba, musamman inda sifirin da shokazoba suke ɗaure, da gindin ƙofofi, da ƙarƙashin ƙafar direba. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa yana lotsawa ko ya zubo gari. Ka ɗaga tabarmar ciki ka duba daɓen. Ka naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin motar da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne, cikon mai gyaran bodi ne aka shafe da fenti. Sabon fenti a kan tsohuwar mota abin tuhuma ne har sai an tabbatar da akasin haka. Idan ka ga walda a kan shasi kanta, ko motar tana tafiya a karkace, ka yi sallama ka tafi ko da an ce kyauta ce.

Daga nan sai gwajin hanya, kuma kada ya tsaya a kan kwalta. A ɗora mata buhu biyar ko shida, ko mutane, a bi da ita burji da hanyar yashi irin wadda za ta riƙa bi kullum, a shiga kowace giya har da ta baya, a ji ko tana fita da kanta, a taka birki da ƙarfi a ga ko tana fizga gefe guda, a murɗe sitiyari har ƙarshe a saurari ƙas-ƙas a tayoyin gaban J5, a kuma yi tafiyar da ta kai rabin sa'a ana kallon allurar zafi. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu ko da zanenta bai goge ba.

Takardu kuwa magana ce gajera amma ba a wasa da ita. Lambar shasi da lambar injin da ke jikin ƙarfe su yi daidai da na takarda harafi da harafi, takardun kwastan su zama na asali, a rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu, a canza sunan mallaka, a sabunta lasin da inshora. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun yi bayani cewa ɓoye aibin haja algus ne kuma haramun ne, cewa cinikin da ke cikin garari ba ya inganta, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa. Amma sun kuma ce wanda ya ga aibin ya yarda, ko ya ci gaba da amfani da abin bayan ya sani, haƙƙinsa na mayarwa ya faɗi. Don haka ka tambayi mai ita a gaban shaidu ya ambaci aibobin da ya sani ɗaya bayan ɗaya, a rubuta su, kada a yi cinikin biri a sama.

A ganina, wanda ya zuba dukan abin da ya mallaka a farashin mota ya riga ya shiga uku tun bai juya makulli ba. Ya kamata a ajiye kamar sulusin kuɗin a gefe, domin a makon farko, ko motar ta yi kyau yaya, sai an canza baƙin mai, da fambel, da fulogi, da robobin fetur da na ruwa, da man birki, watakila da taya biyu da batir. Sa'an nan a yi lissafin fetur da idon basira. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 cikin 'yan kwanaki, bai kuma koma inda yake ba, tsohon injin mai kafireto kuwa mashayi ne, balle da lodi a cikin yashi. Kuɗin taki da na iri da abincin iyali na shekara amana ce, ba jarin mota ba ne, kuma na ga gidajen da bas ta kwanta a ƙofarsu a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, gonar da aka jinginar dominta kuwa tana hannun wani.

Abin da ya wajaba sabon mai mota ya koya ba shi da yawa, kuma ba ya bukatar karatun boko. Kowace safiya, bayan sallar asuba kafin a ɗora kaya, ya duba baƙin mai da sandar awo motar tana kan daidai, ya duba ruwan lagireto injin yana sanyi, ya duba man birki, ya danna fambel da babban yatsa ya ji ko ya saki, ya zagaya tayoyi, ya kuma leƙa ƙasa ya ga abin da ya ɗiga cikin dare da launinsa. Kada ya taɓa buɗe murfin lagireto injin yana tafasa, domin mutane da yawa sun ƙone fuska ta wannan hanya. Ya iya canza taya, da ɗaure kan batir, da goge fulogi, da sa fambel, da canza fis. Hanyar koyo kuwa ita ce ya lizimci gareji guda ɗaya, kada ya ajiye mota ya tafi shan shayi, ya tsaya yana miƙa sifana yana tambaya cikin ladabi, ya kuma nemi a ba shi tsohon ƙarfen da aka cire ya gani da idonsa. Bakanike na ƙwarai ba ya ƙin mai tambaya, kuma wanda ya fusata don an tambaye shi, a nemi wani. A cikin motar kada a rasa jak da safaya mai iska, da sifanu, da filaya, da fambel na ajiya, da waya, da galan ɗin ruwa, da igiyar ja, da shebur saboda yashi, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da tukunyar kashe gobara a inda hannu zai kai gare ta nan take.

Ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan da littafin Bature bai sani ba. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska cikin kwanaki, kuma al'adar cire matatar gaba ɗaya don mota ta ƙara gudu ita ce mafi saurin hanyar cinye ringi. A riƙa kaɗe ta duk mako. Fetur na 'yan bumburutu a gefen hanya wani lokaci yana zuwa da ruwa ko datti, don haka a sa ƙaramar matata a kan layin mai, a kuma tace da ƙyalle idan lalura ta sa an saya. Ruwan rijiya mai kanwa yana toshe lagireto sannu a hankali. Da damina kuma, kada a shiga ruwan da ba a ga wani ya ƙetare ba.

Batun kwana a ciki shi ne inda nake so mai karatu ya fi natsuwa, domin a nan ba dukiya kaɗai ake asara ba, rai ne. Katako biyu da katifa da gidan sauro sun isa makwanci, ba sai an yi israfi ba. Amma kada a kuskura a shigar da kaskon gawayi cikin mota a rufe gilasai saboda sanyin hunturu, kada a kwana injin yana aiki, kada a kunna janareta a jikinta, domin hayaƙin nan yana ɗauke da guba marar wari marar launi wadda ke kashe mai barci ba tare da ya farka ba. A bar taga a ɗan buɗe, a yi girki a waje nesa da tankin mai, tukunyar gas kuma a ɗaure ta a tsaye a rufe bakinta kafin a tashi. Kada a kwana a gefen hanya a daji. A shiga tasha, ko a yi sallama da mai gari a kwana a ƙofar gidansa.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan abincin iyalinka zai dogara ga wannan mota tun daga ranar farko, ko ba ka da rarar kuɗi bayan saye, ko babu bakaniken da ya san irinta a kusa da kai, ko kuwa ka san halinka ba ka son hannunka ya yi baƙi, to ka haƙura, ka ci gaba da biyan lodi, ko ka yi shekara guda kana bin wani mai mota a matsayin yaronsa kafin ka sayi taka. Idan kuwa kana da haƙuri da rara da maigidan gareji amintacce, ka yi istihara, ka yi shawara da manya, ka nemi J5 ko Hiace ko C20 mai lafiyayyar shasi da cikakkun takardu. Kombi kuwa ka bar wa wanda ya riga ya iya.